Ranar da Aron Guntuwa Ya Ƙare

Masu karatu, yau kam ku gyara zama. Wata a cikinku ta rubuto mini tana cewa, "Auta, ke kullum labarin doki, yaushe za mu ji na Mai Tabarau?" To 'yar'uwa, yau za ki ji duka biyun, don a mako guda suka haɗe mini.

Ga wanda yau ya fara leƙowa: ni ce auta a gidanmu, aikina gwajin jini a wani ƙaramin asibiti. Guntuwa kuwa goɗiya ce 'yar ƙarama, irin wadda ake ce wa ƙuru, bayanta daidai ƙirjina. Ja ce, da ɗan fari a goshi kamar an ɗiga mata madara. Ba tawa ba ce. Ta Baba Hedimasta ce, aminin marigayi Abbanmu, shekara biyu ke nan da ya ba ni aronta. A bayan gidansa take, can ƙarshen gari inda kwalta ta ƙare. Ni ke ba ta abinci, ni ke share mata wuri, ni ke hawanta ranar da ba ni da aiki. Amma in ta yi tari shi ke kiran likita, in za a yanke wata shawara bakinsa ake jira.

Ranar wata Asabar na isa da hantsi, sanye da tsohon wandon Abba da na rage wa tsawo, da rigar nan mai ruwan toka da Umma ta hana ni shiga falo da ita, da takalman roba. Ina taje mata geza, ita kuma tana ta cusa hanci a aljihuna tana neman karas, sai na ji ƙarar sandar Baba a bayana.

"Auta, in kin gama ki zo mu zauna."

Baba bai taɓa cewa mu zauna ba. A tsaye yake magana kullum, kamar har yanzu yana gaban ɗalibai.

Na same shi a kan benci, ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga.

"Babban ɗana ya matsa," ya ce. "Ƙarshen wata zai zo ya tafi da ni wurinsa. Idon nan ya ƙi, 'yata. Jiya gishiri na zuba a shayi, har na sha rabi ina zagin mai kanti."

Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. "Gidan fa, Baba?"

"Haya za a ba da shi."

"Guntuwa fa?"

"Shi ne zancen." Ya mayar da tabaran. "Mai wurin wasan yara na bakin babban titi ya zo ya gan ta, ya taya. Na ce masa akwai wadda ta riga shi. In kina so, ki saya. In ba za ki iya ba, wallahi ba zan ga laifinki ba. Kwana goma na ba ki."

Kuɗin da ya faɗa ko rabin abin da mutumin ya taya bai kai ba. Ajiyata za ta iya, sai dai za ta koma ƙasa ƙwarai. Ba wannan ne ya tsaya mini a wuya ba. Na san wurin wasan nan. Na sha ganin dawakansa tun safe har yamma suna zagaye a rana, yaro ya sauka yaro ya hau.

Ina shiga gida na tarar da Yaya ta zo yini. Tana kan doguwar kujera cikin riga shuɗiya mai duwatsu a wuya, ta ɗora ƙafa kan tebur tana shafa mai. Umma na gefe tana guga. Ban ko cire takalmi daidai ba na zayyana musu komai.

Yaya ta ajiye kwalbar man. "Ki saya? Doki? Ke da ake maganar aurenki?"

"Goɗiya ce."

"Au, goɗiya ce. To ai shi ke nan, sai a ɗaura mata ɗankwali ku tare tare."

"Yaya, ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Sa'o'inki na sayen firiji da keken ɗinki, ke za ki sayi abin da ke ci bai ƙoshi. A ina za ki ajiye ta? Mutumin nan a bene yake zaune. Ko goya ta za ki riƙa yi kina hawa da ita?"

Na juya wurin Umma. Ba ta ɗago ba, ta dai juya rigar da take gogewa.

"Mai Tabarau ya sani?" ta tambaya.

"Ban faɗa masa ba tukuna."

"To ni dai ban goyi baya ba. Aro daban, mallaka daban. Je ki canza wannan rigar."

Mai Tabarau, ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne mai shagon gwada ido da yanka gilashi a bakin kasuwa. Ranar da na raka Baba a canza masa tabarau muka haɗu. Ya sa ni karanta haruffan bango alhali ba ni na zo gwaji ba, na karanta har layin ƙarshe, ya ce, "Kash, ba ni da dalilin cewa ki dawo." Wata bakwai ke nan, ya sami dalilai da yawa.

Bayan la'asar na tura masa saƙo mai tsawo. Minti biyu sai ga amsa.

"Ranki ya daɗe, tambaya uku gare ni. A ina za ta zauna? Wa zai duba ta ranar da aiki ya riƙe ki? Likita ya taɓa duba ta saboda ke, ba saboda Baba ba?"

Haushi ya kama ni. Ni da nake jiran ya ce "saya, ina bayanki," sai ga jarrabawa.

Na rubuta, "Kai ma ba ka so ke nan."

"Ban ce ba. Na ce ki duba ne. Ni aikina ke nan, sa mutane su duba da kyau."

Can ya sake turowa.

"Ni ma akwai maganar da nake ta juyawa. Wani babban asibitin ido ya ba ni aiki. Tafiyar yini guda ce daga nan. Suna jiran amsata nan da Litinin ta sama. Na so in faɗa miki baki da baki, amma tunda maganar saye ta taso, gara ki sani."

Na kifa wayar a kan katifa na zauna ina kallon labule. Ku faɗa mini, masu karatu, wace irin Asabar ce wannan?

Kwana uku ina zuwa aiki kamar wadda aka ɗaura wa dutse. Ina manna suna a kwalbar jini, zuciyata na can wurin turke. Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce, tambayoyinsa sun same ni. Daɗin aro shi ne, in abu ya yi tsanani akwai wanda za ka kalla. Ranar da Guntuwa ta yi ciwon ciki bara, tana birgima tana gumi, kuka kawai na yi, Baba ne ya san wanda zai kira da abin da za a ba ta. In ta zama tawa, ni za a kalla.

Ranar Laraba na nemi a sallame ni da wuri, na ɗauko likitar dabbobi da kaina. Mace ce gajera mai kaurin murya, da tabon cizon jaki a hannu wanda take nunawa kamar lambar yabo. Ta buɗe bakin Guntuwa ta daɗe tana kallon haƙora. Ta ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya. Ta sa na ja ta da ragama na yi ɗan gudu da ita, na je na dawo har sau huɗu, ina haki.

"Shekararta nawa aka ce miki?"

"Goma sha biyu."

"Ƙara shida a kai."

Baba, daga kan benci, ya yi gyaran murya. "Wanda ya sayar mini ya rantse."

"Duk suna rantsewa, Baba." Ta shafa ƙafar baya ta hagu. "Gwiwar nan ta fara tsufa. Ba ta ɗingishi yanzu, amma za ta yi. Ƙanwata, in hawa kike so, shekara biyu ko uku za ki more ta, a hankali, ban da sukuwa. Bayan nan sai ciyarwa kawai, kuma irinsu suna daɗewa. Za ta iya ƙara shekara goma tana cin dusarki."

"In aka kai ta wurin wasan yara fa?"

Ta kalle ni ta rufe jakarta. "Ba za ta yi shekara biyu a can ba. Amma kada ki saya don tausayi kawai. Tausayi na ƙarewa ranar da aka yi ruwa kina kwashe kashi da sassafe."

Da ta tafi na zauna kusa da Baba. Na ce masa Umma ba ta so, kuma ni ban taɓa tsallake maganarta ba.

Ya murza kan sandarsa.

"Ta hana ni faɗa," ya ce, "amma tafiya zan yi, ba zan tafi da shi a ciki ba. Kin tuna ranar da na zo gidanku na ce gwiwata ta hana ni kula da goɗiyar nan, ki taimake ni?"

Yaya zan manta? Wata huɗu ke nan da rasuwar Abba a lokacin. Na daina zuwa aiki, na daina cin abinci sai an tsaya a kaina, labulen ɗakina a sauke dare da rana. Don kunyar Baba kawai na fito ran nan.

"Gwiwata lafiyarta ƙalau a lokacin," ya ce. "Uwarki ce ta zo nan da ƙafarta, ta zauna inda kike zaune. Ta ce, 'Malam, yarinyar nan za ta bi ubanta ina kallo. Tun tana ƙarama in ya kawo ta gidanka wurin dokin nan take maƙalewa. Ka ba ta abin da zai tashe ta da safe.' Ita ta tsara maganar gwiwar ma. Ni ƙarya ba ta yi mini kyau a baki, sai da ta sa na maimaita."

Masu karatu, ban san lokacin da hawaye suka zubo ba. Shekara biyu ina ganin Umma na toshe hanci in na shigo, tana mitar gashin doki a kan kujera, ashe ita ce.

Na same ta a kicin tana yanka albasa. Na tsaya a bakin ƙofa da rigar da ta hana.

"Umma, Baba ya faɗa mini."

Wuƙar ta tsaya. "Tsohon nan bakinsa ba ya riƙe magana."

"Shekara biyu ya riƙe."

"Ya yi ƙoƙari." Ta ci gaba da yanka.

Na matsa na durƙusa kusa da ita. "Na gode, Umma. Allah Ya saka miki da alheri. Ban san da wane baki zan gode miki ba."

"Tashi, za ki sa ni yanke hannu." Ta goge ido da bayan hannu ta ce albasa ce.

"To me ya sa yanzu ba ki so?"

Ta ajiye wuƙar ta juyo sosai. "Saboda magani na nema miki, Auta, ba wurin ɓuya ba. Na ga yadda kike. In ranki ya ɓaci, can. In an yi maganar aure, can. Tsoro nake kada ki saye ta ki ce kin sami dalilin da ba za ki je ko'ina ba, ki ƙare rayuwarki tsakanina da dabba. Yaron nan mutumin kirki ne."

Akwai gaskiya a maganarta. Da farko ɓuya nake yi. Na sha kifa fuskata a wuyan Guntuwa in yi kukan da ba na so a ji a gida.

"Da haka ne, Umma," na ce. "Amma ki duba. Na koma aiki. Ina ci har kina cewa in rage. Mai Tabarau ma a hanyar kai Baba na same shi, da ina ɗaki ina zan gan shi? Ba ɓuya zan yi da ita ba. Ta ɗauke ni lokacin da na yi nauyi. Yanzu likita ta ce ƙafarta ta fara gajiya. Ba zan iya wucewa ta babban titi in gan ta tana zagaye a rana ba."

"In ya ce ku tafi wani gari fa?"

Na ɗago da sauri. Ashe Yaya ta riga ta kawo rahoto, ita da na faɗa wa zancen aikinsa na roƙa ta rufa mini asiri.

"Ban sani ba, Umma. Wallahi ban sani ba. Na dai san wannan ɗin."

Ta wanke hannu, ta goge da zani, ta ce in biyo ta. Muka zagaya gefen gida har ƙofar gareji. Tun rasuwar Abba ba a buɗe shi ba. Tsohuwar motarsa na ciki, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe gilashi. Sau uku kawunmu na kawo mai saye Umma na cewa a bari tukuna.

Ta buɗe ƙofar, ta daɗe tana kallon motar.

"Gobe ki kira kawunku ya zo ya ɗauke ta," ta ce. "A fasa taga ta baya don iska. Ƙasan siminti ne, sai an zuba yashi."

"Umma..."

"Ba don ke ba. In kin yi aure gidan nan zai yi mini faɗi. Gara in riƙa jin motsin wani abu. Kuma in tana nan, ko ƙarshen duniya aka kai ki dole ki riƙa zuwa." Ta nuna ni da yatsa. "Amma ni ba zan kwashe kashi ba. Ki nemi wanda zai yi ranar da ba kya nan, ki biya shi."

Na rungume ta da rigar dokin da komai. Ba ta ture ni ba.

Ranar Asabar, kwana uku kafin wa'adin ya cika, na je na cika wa Baba kuɗinsa. Ya miƙo mini ragama da sirdi da wata tsohuwar takardar allurai da ya adana a cikin littafin lissafi na 'yan aji shida. Ya shafa goshin Guntuwa ya daɗe, ya ce, "Ki riƙe mini ita." Ban tambaye shi da wacce yake ba a cikinmu.

Na tura wa Mai Tabarau saƙo: "Na amsa tambayoyinka uku. Gareji. Mai gadin makarantar layinmu. Shekararta goma sha takwas, gwiwarta ta fara tsufa. Na saya. Yanzu zan jawo ta gida a ƙafa."

Alamar ya karanta ta fito. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya tsaya. Daga nan shiru.

Na sa wayar a aljihu na kama hanya. Mun wuce gidan mai, mun wuce masu gyaran babur suna ta yi mana kirari, mun kai kwanar makaranta, sai na hango shi tsaye a gefen titi. Farar riga sol, guga har tana ɗaukar ido, da baƙin takalmi mai sheƙi. A hannunsa leda cike da karas, ya riƙe ta nesa da jikinsa kamar za ta fashe.

"Ka rufe shago?" na ce.

"Na rufe." Ya kalli Guntuwa ya ja baya taku biyu. "A hoto ba ta kai haka ba. Tana cizo?"

"Sai masu yawan tambaya."

Ya yi dariya, amma ta ɗaya gefen nawa ya koma, ya sa ni a tsakiya. Muka yi ta tafiya, kofatonta na ƙwas-ƙwas a kan kwalta.

"Na ji daɗi da kika saya," ya ce can. "Na fi jin daɗi da kika duba kafin ki saya."

"Litinin fa?"

"Jibi ke nan."

"Na san jibi ne. Me ka yanke?"

Kafin ya buɗe baki mun riga mun iso. Umma na tsaye a bakin get da kanta, cikin doguwar rigarta mai ruwan ƙasa ta fita unguwa, har da turare. Ta kalli Guntuwa, ta kalle ni, ta kalli farar rigarsa da gashin doki ya riga ya manne wa hannu.

Ya durƙusa ya gaishe ta. Bai tashi ba ya ce, "Umma, in da hali, akwai maganar da nake so in fara yi da ke kafin in yi da kowa."

"Har da ita?" Umma ta nuna ni da haɓa.

"Har da ita."

"To shigo. Ke kuma kai baƙuwarki masauki, ki ba ta ruwa."

Suka shige falo aka ja ƙofa. Ni na wuce gareji. Sabon yashi, sabuwar taga, ƙamshin man mota bai gama fita ba. Guntuwa ta shinshina kowace kusurwa, ta yi atishawa, ta sa baki a bokiti. Daga cikin gida ina jin ƙarar cokali a kofin shayi, da muryarsa ƙasa-ƙasa, ba na jin abin da yake cewa. Ya daɗe yana magana. Umma ba ta katse shi ba ko sau ɗaya.

Na jingina goshina da wuyan goɗiyata, na ce Alhamdulillahi, tun kafin in san abin da ake faɗa a ciki.